Ruwan Inabin Gidan Iya

Talata: daga Potiskum

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na fito daga ɗaki da 'yar jakata. Ko a lokacin iskar tsakar gida da ɗuminta, kamar ba a yi dare ba. Hajiya tana kwance a ƙarƙashin rumfa, inda muka mayar da shimfiɗarta tun da zafi ya hana kwanan ɗaki. Na zaci barci take yi, na taka a hankali. Sai da na kai bakin zaure na ji muryarta ƙasa-ƙasa tana cewa in lura, kwalbar doguwa ce, wuyanta siriri. Na ce mata na riƙe. Autarmu Maryam ta biyo ni ta sa sakata.

Ya kamata in faɗi abin da ya fitar da tsohon malamin makaranta irina daga gida a tsakiyar bazara, lokacin da ko masu jini a jika ba su son hanya. Matata, Hajiya Adama, ta yi wata biyu tana fama da taifot. Zazzaɓin ya tafi, an sallame mu daga asibiti, amma ya bar mata ɗacin baki. Ruwa ma ɗaci yake yi mata. Zoɓo ta ce ya yi nauyi, kunun aya yana tayar mata da zuciya, lemon kwalba zaƙinsa ya yi yawa, fura kuwa ko ganinta ba ta son yi. Leɓenta ya bushe, idanunta sun faɗa. Likita ya ce idan aka ƙara mako guda a haka sai an mayar da ita gado an ɗaura mata ruwa. Ita kuma ta ce ta gama kwanan asibiti, a bar ta a ɗakinta ko me zai faru.

Ranar Lahadi da azahar ta farka daga wani ɗan barci ta ce ta je gidan Iya a mafarki. Iya wata Bayarabiya ce da muka yi haya a gidanta a Fagge shekara talatin da shida da suka wuce, lokacin da aka tura ni Kano ƙarin karatu muna sabon aure. A gidan Hajiya ta yi laulayin ɗanmu na fari, a irin wannan zafi, duk abin da ta sa a baki sai ya dawo. Kullum da rana, ina makaranta, Iya takan kawo mata wani abin sha a kofi, daga wata kwalba da take ɓoyewa. Hajiya ta ce fari ne da ɗan ruwan ɗorawa, kana hango gindin kofi ta cikinsa, yana da ɗan tsami, kuma ba ya zama a harshe, da ka haɗiye ya wuce ya bar maka sanyi. Ba ta san sunansa ba. Ni ban taɓa ɗanɗanawa ba, ban ma san an yi ba sai ranar. Ta ce, "Da zan samu wannan, Malam, da na sha."

A wata biyu wannan ne karon farko da ta ce tana son wani abu. Ranar Litinin na zaga kantunan garinmu, abin da na samo duk ja ne wur ko baƙi-baƙi. Ta sansana ta kau da kai. Shi ya sa na kama hanya.

Na yi sallar asuba a masallacin tasha. Motar Sharon ce, furfura ta sa aka ba ni gaba. Mun tashi ƙarfe shida saura kwata. A shingen bayan gari jami'ai suka leƙa, suka ce a sauka lafiya. Mun shiga Azare bakwai da kwata, aka ba mu minti ashirin, na sha shayi ba madara da ƙosai uku.

Daga gadar Jama'are rana ta fara nuna halinta. Kogin ya koma yashi, sai wani siririn ruwa da ke bin gefe, da lambuna kore shar a bakinsa. Can gaba kwalta tana sheƙi kamar tafki, muna matsowa tafkin yana ja da baya. Gyangyaɗi ya riƙa ɗaukata yana saukewa. A ciki nakan ga Hajiya tana 'yar shekara sha tara a kan wannan hanya, ta rungume ƙullin kwanoninta a cinya, tana tambayata ko da gaske ne ba a iya zaga Kano a yini guda. Sai motar ta faɗa rami in farka.

Direban, wani mai suna Garba, ya tambaye ni ko asibiti za ni. Na ba shi labari a taƙaice, ina jiran ya yi dariya. Bai yi ba. Ya daɗe yana kallon titi, sannan ya ce tsohuwarsa ma da ta kwanta ta riƙa kiran ɗanwaken wata mata a Gashuwa, suka ce rikicin ciwo ne, ba wanda ya je. 

Mun haye gadar Wudil goma saura minti goma, muka shiga Mariri goma da rabi ta gota. Ƙarfe sha ɗaya na sauka a Hotoro.

Fagge

Mai adaidaita sahun da na tara ya bi da ni ta titin Ibrahim Taiwo. Na baro garin nan ina ganin na san shi kamar tafin hannuna, amma ban gane ko kwana ɗaya ba. Benaye sun tsaya inda na san filaye. Masu dako suna ratsa motoci da dilolin atamfa a ka, zufa tana bin wuyansu.

Na sauka a gidan Alhaji Modu, abokina tun wancan zama. Kakansa ne ya zo daga Borno da fataucin huluna, har yau kuma sana'ar gidan ke nan. Ya sa aka kawo mini ruwan wanka da shinkafa da miyar ganye, ya ce ba inda za ni sai rana ta yi sanyi. Bayan la'asar ya rako ni lungun da gidan Iya yake.

Babu gidan. Bene ne mai hawa uku a wurin, shaguna a ƙasa, ɗakunan ajiyar kaya a sama. Na tsaya daidai inda nake jin nan ne ƙofar ɗakinmu, sai na ga wani yana jera bandiran shadda. Na ɗan rufe ido. Rijiya tana hannun dama, bishiyar gwaiba a bayanta, igiyar shanya ta ratsa tsakar gida, Iya tana zaune a kujerar tsugunno tana tsince wake tana yi wa kowa faɗa da Hausarta mai karkata. Na buɗe ido, mai kura yana cewa Baba a ba shi hanya.

Wani dattijo mai gyaran keken ɗinki a bakin lungun shi ya gaya mana Iya ta daɗe da rasuwa, magada sun sayar da gidan, amma 'yarta Rashida tana da shagon leshi a Kantin Kwari. Ya kwatanta mana layin. Na san Rashida tana 'yar shekara tara, ni nake koya mata lissafi a zaure da yamma. Wadda muka tarar mace ce babba, da tabarau da ɗaurin kai mai tsayi, tana auna wa wasu mata leshi. Na yi sallama na faɗi sunana. Ta dube ni ta saman tabarau, ta sake dubawa, sai ta saki leshin ta durƙusa har ƙasa a tsakiyar shago.

"Malam na ɗakin baya," in ji ta. "Ina Anti Adama?"

Da na gaya mata halin da ake ciki ta share ido da bakin mayafi. Ta ce ta tuna kwalaben sarai. Ƙanen Iya direban babbar mota ne, shi yake kawo su daga Ikko, Iya kuma tana tura su ƙarƙashin gado, ba a taɓawa sai don mara lafiya ko babban baƙo. Takardar jikinsu da hoton nonon inabi kore, wuyan kuma an naɗe shi da takardar zinari. Ta ce irin wannan kaya yanzu sai Sabon Gari, akwai wata mata da ta sani, in shirya gobe da safe kafin a buɗe kasuwa.

Kalmar Sabon Gari ita ta hana ni sakewa. Bayan magariba muna zaune da Alhaji Modu a kan dakalin ƙofar gidansa, na faɗa masa abin da ke raina. Iya mai salla ce da azumi, ta je Makka, amma ba ta karanta boko. Idan fa abin da ta riƙa bai wa matata da ciki giya ce ba ta sani ba? Idan haka ne, me zan koma in ce wa Hajiya, tana kwance tana jiran kwalba? Alhaji Modu ya ce kada in yanke hukunci a kan abin da ban gani ba, in je in tambaya tukuna, bakina ai ba a ɗaure yake ba.

Laraba: Sabon Gari

Rashida ta zo ƙarfe takwas da rabi da adaidaita sahu. Tafiyar ba ta fi minti goma sha biyar ba. Muka wuce kasuwa, muka shiga wani layi mai shagunan kayan mota da coci biyu suna kallon juna, wata mata tana gasa ayaba a bakin kwata. Muka tsaya a gaban wani shago mai ƙofar gilashi. Ta cikin gilashin ina hango kwalabe jere har rufi, hasken safiya yana ratsa su, kore da ja da ruwan zuma.

Ƙafata ta ƙi gaba. A unguwarmu idan liman ya yi tafiya ni nake jan salla. Mutanen Potiskum kuwa ba inda ba sa shiga a Kano. Na tsaya ina gyara hula ina duban hagu da dama. Rashida ta juyo ta ce, "Malam, ba kanka ka zo wa ba. Anti ce ta aiko ka."

Mai shagon ta hango mu ta fito. Sunanta Madam Uju, za ta yi shekara hamsin da wani abu, a Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ta fi tawa zama ta Kano. Da ganin yadda na tsaya ta gane. Ba ta ce in shigo ba. Ta zaga da mu ta gefe, ta buɗe wata ƙaramar ƙofa, sai ga ɗaki daban da kantocinsa. Ta ce nan ba abin da ke sa maye ko ɗigo, ta raba su ne tun da ta ga rabin masu sayenta Musulmi ne masu biki da suna. Ta ɗauko kwalba ta nuna mini wani ɗan ƙaramin rubutu a ƙasan takardar, inda ake sa yawan giyar da ke ciki. Ta ce duk inda na je in nemi wannan wurin da idona, in ban ga sifili ba in ajiye, kada in yarda da bakin mai kanti, har da ita.

Na tattara ƙarfin hali na yi mata tambayar da ta kwana a raina. Rashida ta kwatanta tsohuwar kwalbar, hoton inabin da takardar zinarin. Madam Uju ta yi murmushi. Ta ce shagon nan na mahaifinta ne, tana yarinya ita take goge irin waɗannan kwalabe. 'Yan cocin da ba sa shan giya su suke saye don ɗaurin aure. "Ruwan inabi ne zalla, Baba. Ko jariri aka ba ba abin da zai same shi. Sai dai an daɗe da daina kawo shi."

Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Na zauna a kujerar da ta miƙo, sai a lokacin na lura fanka tana juyawa a sama kuma ɗakin da sanyi.

Ta ce tunda wancan babu, sai mu nemo ɗan'uwansa. Ta jera ƙananan kofuna huɗu a kan tire, tana zubawa tana bayani, ba gaggawa, kamar mai koyar da aji. Ta ce kuskuren mutane a lokacin zafi shi ne su ɗauki mai duhu don ya fi kama da tsada. Mai duhu na lokacin sanyi ne da cin nama, yana da nauyi, yana lulluɓe harshe. A zafi ana neman fari ko mai launin hoda, wanda in ka sa yatsa a bayan kwalbar za ka gan shi. Ta ce in guji mai yawan sukari, don zaƙi ƙishi yake ƙarawa, ɗan tsamin nan shi ne yake kashe ƙishirwa. A sanyaya shi, amma kada a bari ya yi ƙanƙara, ɗanɗanon guduwa yake yi. Kuma duk kwalbar da na ga an jera a bakin titi rana tana dukanta, ko kyauta aka ba ni in bar ta, ta riga ta dahu a ciki.

Matsalar ita ce ni ban san abin da nake nema ba. Harshen da ya sani yana Potiskum. Sai na kira Maryam na ce ta kara wa uwarta waya a kunne.

Shekara talatin da biyar ina koyarwa, ban taɓa rasa kalma kamar ranar ba. Na kurɓi na farko, ja mai duhu, na ce mata yana da kauri kuma ya bar mini bauri kamar na ci ɗanyar kanya. Ta ce a'a. Na biyu mai launin hoda, ƙamshinsa kamar gwaiba ta nuna, zaƙinsa ya biyo ni har maƙogwaro. Ta ce ba shi ba ne. Na uku fari ne mai kumfa, yana buɗewa da ƙara, ya hau mini hanci har na yi atishawa. Na ji ta yi 'yar dariya a wayar, dariyar da na manta yadda take. Ta ce na Iya ba ya faɗa da mutum.

Na huɗu fari ne shi ma, ba kumfa, ya kwanta a kofi shiru. Na kurɓa na riƙe shi a baki. Na ce mata wannan ba nauyi, da ɗan tsami a gefen harshe, kuma na haɗiye ya tafi bai bar komai ba sai son a ƙara.  Can Hajiya ta ce, "Ya yi kusa. Yana ƙamshin ƙasa?"

Na ce wace ƙasa. Ta ce irin ƙamshin da ke tashi idan ruwan farko ya sauka. Na sake sansanawa, ban ji ba. Madam Uju ta girgiza kai ta ce ta yi shekara talatin tana buɗe kwalabe, ba ta taɓa cin karo da mai ƙamshin ruwan farko ba. Na ce wa Hajiya zan sake kira. Na ajiye wayar a cinya, na zauna ina kallon kofunan nan huɗu. Na zo har nan, na ga kusa, kuma ban samu ba.

Rashida tun ɗazu ta zuba wa fankar ido. Sai ta dafa gwiwata a hankali ta ce ta tuna, ai ita ake aika. Iya ba ta taɓa ba da shi zalla ba, kwalba ɗaya sai ta yi mako. Takan zuba kaɗan a gindin kofi, ta ce Rashida ta ɗebo ruwa a randar bayan ƙofa, ta cika da shi, kashi ɗaya na kwalba kashi biyu na randa. Ta matsa rabin lemon tsami, ta sa gishiri ɗan abin da yatsa biyu suka ɗauka. Ita kanta kwalbar tun safe ake binne gindinta a jiƙaƙƙen yashin da randar take zaune a kai. Ta ce, "Ƙamshin da Anti take nema ba na kwalba ba ne, Malam. Na randar Iya ne."

Madam Uju ta tafa hannu sau ɗaya ta ce tsohuwar nan ta fi ta sanin sana'arta, ga mara lafiya a zafi ba abin da ya fi a tsinka shi haka. Na sayi kwalba uku na na huɗun. Ta ƙara ɗaya ta ce wannan ba na sayarwa ba ne, gaisuwarta ce ga Mama. Ta naɗe kowacce da jarida, ta ce kada in bari a sa su a but ɗin mota, in riƙe a gabana in rufa musu jiƙaƙƙen tawul, kuma wadda aka buɗe kada ta wuce kwana huɗu. Na fito ta ƙaramar ƙofar sha ɗaya saura, ban ko tuna da duba hagu da dama ba.

Rashida ba ta buɗe shago ranar ba sai bayan azahar. Ta wuce da ni gidanta, can cikin Fagge, inda har yanzu take da randa a lungun tsakar gida duk da firij biyu da ke falo. Ta buɗe kwalba ɗaya ta haɗa a gabana don in ga ma'auni, ta miƙo mini. Na sha a tsaye a inuwar katanga. Sanyinsa ba irin na firij ba ne mai sara haƙori, sanyi ne mai taushi, ga ƙamshin ƙasar yana tasowa daga ƙarshe. Na daɗe riƙe da kofin. Ina makaranta ina fama da alli da littattafai, ashe kullum a irin wannan sa'a yarinyar da na rabo da garinsu tana zaune a tabarma ita kaɗai, wata tsohuwa da ba danginta ba tana tsaye a kanta sai ta shanye. Ban taɓa tambayarta yadda take yini ba. Rashida ta cika mini leda da lemon tsami, ta ce in tsaya a Wudil in sayi sabon tulu, sabo ya fi ba da ƙamshi.

Alhamis: komawa

Alhaji Modu ya kai ni tasha da kansa, muka tashi shida da kwata. Na roƙi direba tun kafin mu fita gari, ya yarda zai ba ni minti biyar a Wudil. Bakwai da 'yan mintuna muka tsaya a gaban masu tukwane. Na ƙwanƙwasa uku da yatsa kamar yadda na ga mahaifiyata tana yi, na ɗauki wanda ya fi ƙara mai daɗi, ɗan madaidaici ja. Haka na yi sauran tafiyar, tulu a cinya, kwalabe a tsakanin ƙafafu cikin jiƙaƙƙen tawul. Duk inda aka tsaya sai in sayi ruwan leda in sake jiƙa shi. Wata mata a baya ta tambaya ko amarya zan yi wa jere, aka yi dariya, ni ma na yi.

A wani shinge bayan Azare jami'i ya ga wuyan kwalba ya leƙo daga tawul. Ya ce, "Baba, mene ne wannan?" Na zaro ɗaya na warware jaridar, na sa yatsa a kan ɗan rubutun nan na nuna masa sifilin. Na ce maganin uwargida ne. Ya duba, ya duba furfurata, ya ce Allah ya ba ta lafiya.

Mun shiga Potiskum sha biyu saura minti ashirin. Hajiya tana inda na bar ta, ta ƙara faɗawa a kwana biyun nan, ko kuwa idona ne ya huta da ganinta ya dawo sabo. Ta dubi tulun ta dube ni. Maryam ta ɗauraye shi sau uku ta cika. Na ɗebo yashi a bayan gida na zuba a tsohon kwano na jiƙa, na zaunar da tulun a kai, na binne gindin kwalbar a gefensa. Sai jira. Ban taɓa ganin rana mai tsawon wannan ba. Na yi azahar, na dawo na taɓa tulun, na koma na zauna. Jikinsa ya fara zufa, sannan ya fara sanyi.

Bayan la'asar na haɗa da hannuna, ɗaya da biyu, rabin lemo, gishiri a yatsa biyu. Maryam ta tallafo kan uwarta. Hajiya ta fara kai kofin hanci, ta rufe ido, ta daɗe a haka har na ji tsoro. Ta kurɓa. Ta sake kurɓa. Muna tsaye ba mai motsi, muna jin yadda yake wucewa a maƙogwaronta, har ta kai gindin kofin.

Ta buɗe ido ta ce, "Na Iya ya fi tsami. Kai ka ji tsoron lemon."

Ta ce a tayar da ita zaune. Maryam ta sa mata matashi a bango. Hajiya ta miƙo hannu ta ce in ba ta wuƙar da ledar lemon, ba a aika namiji irin wannan aiki. Ita ta yanka, ita ta matse, ta haɗa kofi na biyu ta shanye, ta haɗa na uku ta miƙo mini. Kafin magariba ta tambayi Maryam ko akwai sauran kamu a gidan, tana jin za ta iya shan koko.

Yau kwana tara ke nan. Ba a mayar da ita asibiti ba. Jiya ta taka har bakin zaure.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Alhaji Modu da ya sauke ni, da Alhaja Rashida da ta rufe shagonta rabin yini saboda malamin da ya koya mata lissafi, da Madam Uju da ta buɗe mini ƙofar gefe ba tare da ta sa na ji kunya ba. Wadda ta fi cancantar godiyar ba ta nan. Na zauna gidanta shekara biyu ina kiranta Iya kamar kowa, sai a wannan tafiya na tambayi 'yarta sunanta na yanka. Sunanta Sikiratu. Wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa ta a addu'a. Allah ya jiƙanta, ya shayar da ita kamar yadda ta shayar.